Hurumin Dorina na Tungar Altine

Waɗanda ba su san Ɗangana Ya'u ba sukan ce yana son dorina. Ƙarya ne. Duk gaɓar Kainji, daga Yelwa har ka gangara kudu, da wuya ka sami mutumin da ya tsani dabbar nan kamarsa. Ita ta farfasa masa jirgi yana saurayi, ta bar shi da ƙafar hagu wadda har yau ba ta lanƙwasawa daidai, shi ya sa in zai yi zaman tahiya sai ya miƙe ta gefe guda. In ya hango kunnuwanta a saman ruwa, tsaki yake ja ya tofar da yawu. Amma shi ne mai tsaron abincinta a Tungar Altine, kamar yadda ubansa ya yi, kuma a kan wannan aiki furfura ta same shi.

Abin ya samo asali tun lokacin da aka datse kogi, ruwa ya cinye tsohon gari, aka kwaso mutane aka zube su a kan tudu. Dorina ma ruwan ya kore ta daga inda ta saba, sai ta biyo su. Shekarun farko ba wanda ya ga shinkafarsa ta nuna. Da abin ya ishe su, dattawan tunga suka zauna, har da Ya'u uban Ɗangana, suka ware wata doguwar fadama a arewacin gari suka ce ba mai ƙara sa fartanya a cikinta. Ƙasa ce baƙa, mai laushi, wadda ta fi kowace kyau a wurin, kuma da gangan suka zaɓe ta, domin nan ciyawa ta fi fitowa. Dorina ba ta son wahala. In ta fito daga ruwa ta tarar da ciyawa a gabanta, ci take yi ta koma, ba ta ƙarasawa gonakin da ke baya. Muddin hurumin nan na nan, mutanen Tungar Altine na da shinkafa. Ranar da ya tafi, sai dai su noma wa dorina.

Aikin Ɗangana ba wani mai suna ba ne. In ruwa ya janye, ya sa wa tsohuwar ciyawa wuta don sabuwa ta tofo. Ya bi turakun iyaka ya tayar da waɗanda ruwa ya kwantar. In Fulani sun sauko da shanu, ya je ya tsuguna da ardo a yi magana ta mutunci, su ratsa ta gefe su wuce. Masu yankan ciyawa su kai kasuwar Yelwa kuwa, su ne suka fi shan bakinsa, kuma bakin nasa ba daɗi. Sauran lokacinsa yana kan ruwa yana duba gurarsa ta kamun kifi, ko yana gonar albasa. Da kaka kowane gida kan aiko masa da damin shinkafa, ba don an yanka ba, don dai an san abin da ya tsare.

Doka ɗaya ce a kan wurin, kuma kowa da ita ya tashi: ba mai cewa hurumi nasa ne. Mai gari ba ya faɗa, mai tsaro ba ya faɗa. Ko a wasa wani ya ce "fadamarmu", sai wata tsohuwa ta kwaɓe masa baki. In baƙo ya tambaya na wa ne, amsar ɗaya ce, na dorina ne. Ba wanda ya taɓa zama ya nemi dalili, haka aka tarar.

Sai ƙaramar hukuma ta shigo. Ba sai an faɗi wacce ba, su sun san kansu. Aka tara sarakunan ruwa da mafarauta a sakatariya, aka ce daga yau dorina dabbar hukuma ce, wanda ya taɓa ta zai sha ɗauri. Kowa ya kawo zagonsa, wato mashin nan mai igiya da ake sukar ta da shi. Mutane suka yi ta gunaguni, amma Ɗangana bai yi ba. Ya san ba abin da ya kai dorina mai rauni mugunta, kuma mafarautan yanzu raunata ta kawai suke yi su gudu su bar masunta da ita. Shi da kansa ya sauko da zagon ubansa daga rufin ɗaki ya kai, ya kuma bi gida-gida yana lallashin masu taurin kai. An yi musu alkawarin malaman daji za su riƙa zagayawa, in wata ta fitini mutane hukuma ce za ta yi maganinta. Malaman dajin sun zo kuwa, sau ɗaya. Suka sa rigunan ruwa masu ruwan lemo, aka ɗauke su hoto a cikin jirgin Ɗangana yana ɗaure a gaɓa, suka ci soyayyen kifi suka tafi.

Bayan wasu shekaru, wata rana da hantsi, mota ta tsaya a bakin hurumi. Kwamitin filaye ne na ƙaramar hukumar nan dai, sun zo ganin wuraren da za a bayar don noman rani. A cikinsu akwai wani ma'aikacin sashen gona, Malam Faruk, ɗan masunta ne shi ma, ya san abin da ciyawar nan take yi. Kafin a fara magana ya ja Ɗangana bayan mota.

"Baba, in an tambayi mai wurin nan, ka ce naka ne, gadon mahaifinka," in ji shi. "Filin da ba shi da mai shi, a wurinsu na hukuma ne. Kuma akwai mai jiransa."

"Ba nawa ba na, ɗana," Ɗangana ya ce. "Ƙaƙa za ni ce nawa na?"

Faruk ya yi ta roƙonsa, ya ce magana ce ta baki kawai, su rubuta su wuce. Ɗangana ya girgiza kai. Da aka taru, shugaban kwamitin ya yi tambayar a gaban kowa. Mai gari ya sunkuyar da kai, dattawa suka dubi ƙasa, domin a cikinsu ba wanda bakinsa zai iya furta kalmar. Salisu, ƙanen Ɗangana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gonarsa ce ta farko a bayan hurumin, ya matso ya taka wa yayansa ƙafa. Ɗangana ya janye ƙafarsa ya ce wurin na dorina ne, ranka ya daɗe. 'Yan kwamiti suka yi dariya, wani mai babbar riga ya ce to ta zo sakatariya ta yi bayani da kanta. Faruk ne kaɗai bai yi dariya ba.

Kada wani ya ce ba su fahimta ba. Wallahi sun fahimta sarai. An yi musu bayani tiryan-tiryan, an nuna musu sawun dabbar a laka, an nuna musu gonakin da ke baya. Shugaban kwamitin ma har ya gyaɗa kai ya ce lallai mutanen da akwai hikima. Yana gama yabon ya shiga mota, kuma kafin ruwa ya sake janyewa an ba wa wani Alhaji Maikuɗi wurin, mutumin da bai taɓa kwana a tunga ba, wanda dai aka san ya tsaya wa ciyaman lokacin zaɓe.

Tarakta ta zo ta kife ciyawar. Aka haƙa rami mai zurfi ta bakin ruwa, aka kafa ƙarafa aka ja waya, aka girke injinan ban ruwa masu ƙara tun safe har yamma. Ɗangana ya tsaya a bakin wayar yana kallon turakun da ya yi shekaru yana tayarwa an tara su gefe, masu gadi na dafa shayi da su. Ya koma gida, matarsa Dije ta kawo tuwo, ya ce ta ɗauke.

Dorina ba ta san da kwamiti ba. Ta fito inda ta saba, ta tarar da rami da waya, ta bi gefe har inda wayar ta ƙare, ta faɗa gonar Salisu. Da safe aka tarar da rabin shinkafar an aske ta, sauran an tattake ta cikin laka. Abin da dorina ta taka ya fi abin da ta ci. Daga gonar Salisu ta wuce ta gaba, daga nan ta gaba. Maza suka koma kwana a gona da gwangwanaye da wuta, su wuni suna gyangyaɗi a cikin jirgi, kamun kifi ma ya lalace. Duk da haka, duk wayewar gari sai an ji wanda aka yi wa ɓarna.

Ɗangana ya hau mashin ɗin haya, da ƙafar tasa a miƙe, ya tafi sakatariya. Ofishin malaman daji da na filaye a baranda ɗaya suke, ƙofa na kallon ƙofa. Na daji suka ce su ruwansu da dabba ne, ba ruwansu da ƙasa, kuma ya gaya wa mutanensa duk wanda ya taɓa dorina zai gane kurensa. Ya tsallaka. Na filaye suka ce su ruwansu da ƙasa ne, ba ruwansu da dabba, wurin kuma an riga an bayar, ai da bakinsa ya ce ba nasa ba ne. Ya nemi ganin ciyaman aka ce yana Birnin Kabi. Ya dawo wani mako aka ce yana Abuja. Haba jama'a! Hukuma ɗaya ta karɓe makamin mutum, ita ɗin dai ta karɓe abincin dabbar, sannan ta ce ya yi haƙuri. Da azahar ya ga mutanen ofisoshin biyu sun fito sun zauna a tabarma ɗaya suna cin abinci a kwano ɗaya, suna hira.

Salisu mutum ne mai iyali da yawa, ba shi da jirgi, gonar nan ce duk abin da ya mallaka. Da ya ga an cinye shuka ta biyu, sai ya haƙa rami a kan hanyar dabbar ya kafa tsinannun itatuwa a ciki ya rufe da ciyawa. Dorina ba ta faɗa ba. Amma labari ya kai, kuma malaman dajin nan da aka yi shekaru ana nema ba a gansu ba, washegari sai ga su da 'yan sanda. Ashe suna da mota, ashe sun san hanya. Aka tafi da Salisu a gaban 'ya'yansa, ya kwana biyu a tsare kafin mai gari ya karɓo shi. Ya dawo da ƙeya a kumbure, ya wuce ta ƙofar gidan yayansa bai yi sallama ba.

Kakar wannan shekara ba wanda ya aiko wa Ɗangana da dami. Ba ƙeta ba ce, babu ne. Amma har da fushi a ciki, ya sani. A masallaci mutanen da suka sunkuyar da kai ranar kwamiti su ne yanzu suke cewa da ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya da ba a kai nan ba. Wannan ya fi komai ƙona masa rai, domin ya san da ya faɗa ɗin, su ne za su fara cewa ya ci amana. Dije ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun aurensu, amma ranar da matar Salisu ta zo aron hatsi tana rufe fuska, ta same shi yana ɗinkin taru ta ce, "Malam, gaskiyar taka ta isa haka. Ɗiyan ƙanenka na kwana da yunwa." Ya ci gaba da ɗinkin har ta fita, sannan ya ga ya ɗinke idon tarun biyu a haɗe, sai da ya warware.

Aka yi zaɓe, ciyaman ya faɗi. Sabon da ya hau ba ya ga-maciji da Alhaji Maikuɗi, sai aka kafa wani kwamiti na duba filayen da aka bayar a baya. Kada a ɗauka tausayi ne, neman inda za a ƙuntata wa abokin hamayya ake yi. Malam Faruk ya zo tunga a kan mashin ɗinsa ya ce wa Ɗangana dama ta samu, amma sharaɗin bai canja ba. Ba za a mayar da fili ga dorina ba, ba za a mayar da shi ga "gari" ba, domin filin gari filin hukuma ne, gobe wani ya sake bayarwa. Sai dai in wani mutum ya fito ya ce gonar ubansa ce aka ƙwace, da shaidu.

Ɗangana ya tambaye shi ko ba wata hanya. Ko ba za a iya rubuta cewa makiyayar dabbar da hukuma ta ce tata ce ba? Faruk ya ce ya kai wannan magana har gaban shugaban sashe, an ce masa ba a taɓa yi ba, kuma ba wanda zai ci riba da ita balle ya tsaya mata.

Ranar zaman, Ɗangana ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Mai gari da dattawa biyu suka raka shi, Salisu ma ya zo ya tsaya a baya. A gaban kwamiti, a ɗaki mai fanka, Ɗangana ya ce fadamar nan gonar ubansa Ya'u ce, shi ya share ta, ya bar wa 'ya'yansa. Dattawan suka ce haka ne, ba wanda ya ɗaga ido. Sai wakilin Alhaji ya miƙe ya ce wannan tsohon da bakinsa ya ce ba nasa ba ne a gaban jama'a, in yau ya canja magana, to ya rantse. Aka aika masallacin sakatariya aka ɗauko Alƙur'ani.

Faruk bai yi zaton za a kai nan ba, fuskarsa ta nuna. Ɗangana ya dubi Alƙur'anin. Mutum ne da ko a cinikin kifi ba ya cewa wallahi. Ya waiwaya ya dubi ƙanensa, ya ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya nemi buta, ya fita baranda ya yi alwala a tsakanin ƙofofin nan biyu, ya dawo ya ɗora hannu ya rantse. Allah ya isa tsakaninsa da waɗanda suka kai shi ga wannan. Da suka iso gida ya shige ɗaki, sai da Dije ta ji kukansa ta janye yaran maƙwabta daga tsakar gida.

Aka ba shi filin da sunansa. Alhaji ya kwashe injinansa da wayarsa, samarin tunga suka cike ramin. Ɗangana ya sari sababbin turaku ya kakkafa da hannunsa. Ya shiga jirgi ya je tsibiran da ke tsakiyar ruwa ya ciro saiwar ciyawa ya zo ya daddasa a laka, yana jan ƙafa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya yi azumin da bai gaya wa kowa dalilinsa ba. Da ruwa ya hau ya sake janyewa, kore ya fara rufe baƙar ƙasar, kuma wata safiya ya ga sawun dorina ya shiga ciyawar ya juya ya koma ruwa. Ya tsaya a kan sawun ya yi hamdala, ya ce a ransa ko ba komai abin da ya sayar da lahirarsa a kai ya tsaya.

Yana nan tsaye ya ji sallama a bayansa. Salisu ne, da limamin tunga, da mazajen ƙannensu mata biyu, ɗaya riƙe da doguwar igiya a naɗe. Liman ya gaishe shi a ladabce, yana ta gyaran murya, ya ce magada ne suka same shi. Tun da ya tabbata a gaban hukuma da shaidu cewa fadamar nan ta marigayi Ya'u ce, kuma ba a raba ta ba tun rasuwarsa, to hakki ne a kansa ya raba, jinkirin ma ya yi yawa.

Ɗangana ya juya ga ƙanensa. Ya ce, "Salisu, kai ka san mi anka yi. Kana wurin."

"Ina wurin, Yaya," in ji Salisu, bai ɗaga kai ba. "Shekara uku ban cika rumbu ba. Ƙasa mafi kyau cikin garin ga ta, ka rantse ta Baba ta, kuma in bar wa dabba ita ɗiyana na kallo? Ni rabona kawai nika so. Naka ka bar mata."

Ɗangana ya ce rabonsa shi kaɗai ba zai ƙosar da ko ɗan dorina ba, in aka noma sauran za ta koma gonakin mutane, har da ta Salisun. Salisu ya ce shi ma zai haƙa rami ya ja waya kamar yadda Alhaji ya yi, ai an nuna musu yadda ake yi. Sauran mutane kuma kowa ya ji da tasa.

"In ko ba ta Baba ba ta," ya ƙara, a hankali, "sai mu koma sakatariya ka gaya musu bisa ƙarya ka dafa Alƙur'ani. Su mai da ma Alhaji abinai."

Liman ya dubi ruwa. Duk ƙofar da Ɗangana ya duba, da hannunsa ya rufe ta ranar da ya yi alwala a barandar nan, kuma waɗanda suka sa shi suna can ƙarƙashin fanka, ba su ma san ana yi ba.

Aka warware igiyar awon filin. Liman ya ce a al'ada babban ɗa ne ke riƙe bakin farko, ya miƙa masa. Ɗangana ya dubi igiyar, ya dubi ƙanensa, sannan ya karɓa ya ɗora a kan turken da ya kafa da hannunsa ya danne. Salisu ya kama ɗaya bakin ya shiga cikin ciyawar da ita, yana takawa.